Ruwan da Ya Biyo Ta Bayan Kurmi

Jiya da hantsi mai itacen unguwarmu yana faskare a ƙofar gida, ni kuma ina ciki ina tsintar shinkafa, sai na ji sarar ta sauya. Busasshen itace in gatari ya same shi ƙara yake yi, tas, kamar yana amsawa. Ɗanye kuwa shanye sarar yake yi, ka ji dum, dum, kamar an naushi cikin mutum. Ban san lokacin da na ajiye faifan ba. Babbar ƴata ta ce, "Inna, lafiya?" Na ce lafiya lau. Amma ɗanye na ji yana sara, kuma har na gama girkin rana ƙarar ba ta bar kunnena ba.

Ni ban yi lakwal, wato boko, ina ƙarama ba. Sai da na yi haihuwa uku na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Diffa, saboda haka ku yi mini haƙuri in rubutun ya zo kamar hira. A gidanmu kuma Barbarci muke yi, Hausa ta kasuwa ce. Abin da tsofaffi suka faɗa da harshenmu zan mayar muku da shi yadda na iya. Ina so in ba ku labarin ranar da ruwa ya ritsa da mu mu huɗu, ni da Innata da ƙanwata mai wata uku a duniya da Kaka, mahaifin babana, da kuma yadda aka yi muka kai kanmu wurin.

Ƙauyenmu a kan tudu yake, gabas da Diffa, tafiyar rabin wuni a kan jaki. In ka tsaya bayan gidanmu ka dubi kudu, abin da za ka fara gani a gindin tudun shi ne wani kwari mai yashi, dogo, busasshe, da muke kira matacciyar korama. Nan muke wasa, nan awaki suke kwanciya, kuma babana ma bai taɓa ganin ruwa a cikinta ba. In ka haura ta sai kurmi. Bayan kurmi sai kogin Komadugu.

Wanda bai zauna da wannan kogi ba ba zai gane halinsa ba. Ruwansa ba namu ba ne. Can nesa cikin Najeriya ake tafka shi, a garuruwan da ba mu taɓa gani ba, shi kuma ya taho mana a hankali. Sai damina ta wuce, hadari ya ƙare, sama ta yi fes, an fara jin sanyin safe, a lokacin ne yake cika. Rana tana haskawa, ruwa yana hawa. Da bazara kuma ya janye har mu taka cikinsa da ƙafa mu je ƙetare gaisuwa.

Kurmin na gari ne, ba wanda ya ce nasa ne. Akwai bagaruwa da giyayya da goruba da tsamiya, sun haɗa kai har rana ba ta taɓa ƙasa. In ka shiga, sanyi ne yake fara tarbarka, sannan ƙamshin danshi da ruɓaɓɓen ganye. Doka ɗaya ce: gatari ba ya shiga. Wuƙa tana shiga don yankan kaba, ƙugiya tana shiga don kaɗo ƴaƴan itace, reshen da ya faɗo da kansa na wanda ya tsinta ne. Wanda aka kama da gatari kuwa, Bulama, mai garinmu, ya karɓe shi ya rataye a itacen ƙofar masallaci har shekara ta zagayo. Ba duka, ba zagi. Kowa dai in zai shiga salla sai ya ɗaga kai ya gani, ya san na wane ne.

A tsakiyar kurmin, kan wani ɗan tozo, akwai wata tsohuwar kanya da mutum uku ba sa rungume ta. Jikinta, ta wajen da ke kallon kogi, duk tsagu ne, ɗaya bisa ɗaya. Kowace shekara in ruwa ya kai iyakarsa ya fara juyawa, babban namijin gidanmu yakan je ya tsaga daidai inda ya tsaya. A zamanina Kaka ne. Kowace tsaga da sunanta: ta shekarar fara, ta auren babana, ta shekarar da masallaci ya faɗi. Ta can sama duka, daidai ƙirjin babban mutum, kakan Kaka ne ya yi ta, wai daga cikin kwale-kwale. Mu yara ba mu yarda ba. Da waɗannan tsagu gari yake sanin inda zai yi gona da inda ba zai yi ba. Akwai kuma lissafin da kowa ya haddace: ruwa ba ya hawa fiye da yatsu huɗu a kwana, kuma daga ranar da ya taɓa saiwar kanya, mutum yana da sati guda ya kwashe abin da yake da shi a ƙasa.

Ni ce mai riƙe wa Kaka sanda in za shi duba ruwa, don gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa. Wasan jika da kaka muke yi, uwargida yake ce mini.

"Uwargida, yau ma kin bar ni ba fura? Wallahi sakinki zan yi."

"Saki mana, tsoho. Wa zai kwashi marar haƙora in ba ni ba?"

Sai ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Tun ina ƴar mitsitsiya damina ta fara wasa da mutane. Ruwa ya sauka a yi shuka, ya ɗauke, shuka ta ƙone, a sake, ta sake ƙonewa. Geron tudu ya daina kai mu rani. Kogin ma ya riƙa zuwa a makare yana komawa da wuri. Tsagar bana ƙasa da ta bara, ta baɗi ƙasa da ta bana, har Kaka sai ya zauna dirshan sannan yake iya yinta. Sai wata shekara ruwa bai taɓa saiwar ba sam. Kullum da safe mu je, wuƙa a aljihunsa, mu tsaya, mu dawo. Ranar da ya tabbata ruwan ya juya, ya shiga ɗaki ya tura wuƙar ƙarƙashin tabarma. Na kai masa fura, bai ce uwargida ba. A ranar na fara sanin cewa babba ma yana jin tsoro.

Maza suka fara tafiya, wasu Bosso wajen kifi, wasu ba a san inda suka nufa ba. Waɗanda suka rage suka ce ba abin da zai riƙe gari sai tattasai, ga injin ban ruwa ya shigo, ana ganin yadda wasu ƙauyuka suka farfaɗo da shi. Aka yi taro a ƙofar Bulama. Mata ba sa zuwa, amma zana ba ta tare magana, duk muka ji. Muryar babana ce ta fi fitowa, kuma da mahaifinsa yake.

"Baba, jigo ba ya kai ruwa inda gonakinmu suke. Injin ma bututunsa iyaka gare shi. Ƙasar da ta rage kusa da ruwa tana ƙarƙashin itatuwan nan. Inuwa za mu ba yara su ci?"

Kaka ya ce, "Ban ce ku zauna da yunwa ba. Ku sari inda za ku sara. Bagaruwar gwiwa kawai nake roƙo ku bari."

Gwiwa ita ce lanƙwasar kogin ta yamma, inda ruwa yake zuwa ya daki gaɓa kafin ya juya. Bagaruwa ce cunkus a wurin, saiwoyinta sun saƙe gaɓar kamar tabarma. To amma a gwiwar ne ruwa ya fi zurfi, a nan yake daɗewa in ko'ina ya ƙafe, a nan dole a kafa injuna. Ita aka fara sara. Bulama da hannunsa ya sauko da gatura biyun da ke rataye a ƙofar masallaci ya mayar wa masu su.

Fiye da wata guda ana sara. Daga asuba har rana ta faɗi, dum, dum, sannan wata ƙara mai tsawo, sannan ƙasa ta girgiza. Birai suka gudu ƙetare. Macizai suka hauro cikin gari, Inna ba ta shimfiɗa tabarma sai ta kakkaɓe ta sau biyu. Motocin itace suka yi ta kwasa zuwa Diffa. Da aka gama, daga bayan gidanmu kana hango kogi tsirara, abin da ba a taɓa yi ba. Kanya kaɗai aka bari saboda tsagunta, tana tsaye ita ɗaya a tsakiyar fili.

Ba zan yi muku ƙarya ba, mun ci. Shekara uku tattasai ya yi kyau. In an shanya shi gari duka ja, kana tafe kana atishawa. Babana ya yi wa ɗakin Inna rufin kwano, na sami takalmi na farko, waɗanda suka tafi wasu suka dawo. Ba wanda ya ƙara ambaton gwiwa. Har ma aka fafe gaɓar wurin don bututun injuna su kwanta da kyau. Mu yara mun san wani abu da manya ba su kula da shi ba: in kana tafiya a bakin gwiwa ƙafarka takan burma cikin rami har idon sawu, inda saiwa ta ruɓe ta bar gurbinta. Wasa muka ɗauke shi. Ba mu faɗa wa kowa ba.

A shekara ta huɗu, ina da kamar goma sha ɗaya, Inna ta haifi ƙanwata. A shekarar ne kuma fatake suka riƙa kawo labari daga yamma cewa bana ruwa da yawa yana tafe. Murna aka yi. Kaka ya zaro wuƙarsa ya wasa ta, ya dawo da tsokanarsa. Kullum da safe mu haura matacciyar korama, mu ratsa gonakin tattasai, mu je gindin kanya ya kafa kara a bakin ruwa ya auna da yatsu. Yatsu uku. Yatsu huɗu. Daidai yadda ya sani.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Diffa ce. Babana ya yi sammako zai sayo wani ƙarfen inji, mazan gari da yawa sun tafi tare da shi. Tattasanmu ya nuna, yana son tsinkar fari kafin ruwa ya matso. Inna ta tsaya a ƙofar ɗakin Kaka, jaririya a baya, ta rusuna.

"Baba, raina bai kwanta da gonar nan ba yau. Tun jiya kwaɗi suke haurowa tudu, har cikin madafa na tarar da su."

"Ƴar nan, yanzu na dawo daga can. Tsakanin ruwa da saiwa taku uku ne. Ko yau ya taɓa ta kina da sati. Mu je tare ma, in riƙe miki amaryar."

Inna ba ta musu da shi, ba wanda ke musu da shi a kan ruwa. Ta ɗauki masaki, babbar ƙwaryar nan da muke zuba tattasai a ciki, muka sauka. Awaki na kwance a yashin korama, muka ratsa su muka wuce.

Hantsi ya ɗaga, mun kusa cika masakin. Kaka yana zaune a inuwar kanya da jaririya a cinyarsa. Sai muka ji wata ƙara daga yamma, kamar katanga ta zube. Bayanta wata ta biyo wadda ba ta tsayawa, kamar garken shanu a guje. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Dukanmu kogi muka duba, don ta nan muka san ruwa yake zuwa. Kogi yana nan yadda yake, karan Kaka yana tsaye, taku ukun nan ba su ragu ba. Na ga Kaka yana duban karan yana duban sama, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa magana da harshen da bai sani ba.

Ni na fara juyawa. Awakin da muka bari kwance na gani suna hawa tudu da gudu. A bayansu kuma, cikin matacciyar korama, wani jan ruwa yana tafe da kututture da buhuna da bukkar wani a kansa. Gwiwa ce ta ɓalle. Kogin ya sami tsohuwar hanyarsa, ya biyo ta bayanmu, ya shiga tsakaninmu da gida.

Inna ta fizgi jaririya ta goya, ta kama hannuna muka ruga. Kafin mu kai bakin korama ta riga ta cika, ruwan yana juyi yana cin gaɓa a gaban idonmu. Ta sa ƙafa ɗaya, ƙasar ta zame, ta ja da baya. Ta dubi Kaka da ke ɗingishi can baya. Ta ce, "Mu koma." Muryarta ba ta yi sama ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan in da ta yi kururuwa.

Da kurmi yana nan, in ji manya daga baya, da ruwan ya sami abin da zai rage masa gudu. Amma fili ne shimfiɗe, an daidaita shi da fartanya. Ruwan ya malalo daga korama, layin tattasai ɗaya bayan ɗaya yana ɓacewa. Muna isa tozon kanya ya iso mana idon sawu. Inna ta juye tattasan ta miƙo mini masakin, har yau ban san abin da ya sa ta tuna da shi ba. Ta tura ni kan reshen farko, ta kwance jaririya ta miƙo mini, ta hau. Sannan ta miƙa wa Kaka hannu. Sau biyu yana gwadawa gwiwar tana ƙi. A na uku rigarsa ta yage a hannunta ya faɗa ruwa zaune.

"Bari, ƴar nan. Za ki faɗo ki bar mini marayu."

Ta sake sauka. Ta ɗauki majanyin goyo ta zagaya shi ta ƙarƙashin hammatarsa, ta ɗaure a wani kututturen reshe, ta tsayar da shi a kan saiwa mafi tudu, bayansa jingine da itacen. Sannan ta hau ta karɓi ƴarta.

Daga nan sai jira. Rana tsaka, sama ba ko ɗigon gajimare. Can kan tudu muna hango mata ƙanana kamar tururuwa, iska tana kawo kukansu guntu-guntu. Ba namiji mai ƙarfi a gari, kwale-kwale kuwa ba mu da shi tun shekarun da ruwa ya ja baya. Ba mu kaɗai muka hau itacen ba. Cinnaku suka rufe mana ƙafafu, kunamu suna wucewa ta gefen hannuna, wani maciji ya naɗe a reshen da ke sama da kan Inna, ba wanda ya taɓa wani. Jaririya ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta yi shiru. Inna ta riƙa kai kunnenta bakin hancinta.

A ƙasa ina jin Kaka yana magana a hankali. Na ɗauka addu'a ce. Ashe tsagu yake kira da sunayensu yayin da ruwa ke haɗiye su, hannunsa yana lalube a jikin itacen. "Ta shekarar fara ta tafi. Ta auren babanki ta tafi." Abin da ya saba hawa a sati ya hau shi kafin azahar. Da ruwan ya kai masa ƙirji ya rufe ta kakansa, sai ya daina kira. Na fashe da kuka. Ya ɗago kai, leɓɓansa sun yi fari don sanyi.

"Uwargida, share hawayenki. Ba yau za ki yi takaba ba. Kina zaton zan bar ki ki auri yaro?"

Jim kaɗan ya kira Inna da wata murya daban, ya ce, "Ƴar nan, itacen yana motsi. A bayana nake ji." Muka yi tsit. Gaskiya ne. Wata ƴar girgiza ce can ƙasa, tana zuwa tana tafiya. Ruwa yana kwashe ƙasar da ke riƙe da saiwoyin, kuma ba wani itace kusa da zai tare mata.

La'asar ta yi sannan muka hango mutum a ruwa. Babana ne. Labari ya tarbe su a hanya. Abin da ya samu shi ne irin na mutanen da: manyan goruna biyu ɗaure a bakin sanda ɗaya, mutum ya kwanta da ƙirji a tsakiya yana tuƙi da ƙafa. Ya shiga can nesa ta yamma don ruwa ya kawo shi. Saura kaɗan ya wuce mu, ya cafki wani reshe da ke jan ruwa. Bai gaida kowa ba. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi sama inda muke.

Goruna mutum ɗaya suke ɗauka bayan mai tuƙi, kuma sai da hannu biyu ake riƙe sandar. Wanda ya kwanta a kai, ruwa yana wanke masa baya. Mai goyo ba za ta iya ba, kan yarinya zai nutse. Babana ya ce, "Sa ta a masaki ki miƙo mini. Ita zan fara kaiwa."

Inna ta ce, "A'a."

"Don Allah ki miƙo, hannuna ya fara mutuwa."

"A'a. In za ta tafi mu tafi tare."

Ta ƙanƙame ta har yarinyar ta motsa. Ban taɓa jin Inna ta ce wa babana a'a ba sai ranar. Sai Kaka ya yi magana, ruwa a kafaɗarsa, haƙoransa biyun da suka rage suna haɗuwa.

"Ƴar nan, da safe na ce miki akwai sati. Kin ga satin. Ba ni da bakin da zan ce ki yarda da ni. Amma itacen nan ba zai daɗe ba, kuma in ya faɗi tana hannunki, hannunki ba zai tsare ta ba."

Inna ta sassauta riƙon. Ta ba yarinyar nono, a hankali, kamar muna tsakar gida. Ta cire ɗankwalinta ta shimfiɗa a masakin, ta kwantar da ita, ta tofa mata addu'a. Ita ba ta iya miƙawa ba. Ni ta ba, ni na sunkuya na saukar da masakin har ya zauna a kan ruwa. Nauyinta bai kai na tattasan da muka zubar ba. Babana ya zagaya masakin da igiya ya kama bakin igiyar da haƙora, ya dafa gefensa da hannu ɗaya, ya saki reshen.

Mun ga masakin yana juyawa, yana hawa yana sauka. Mun ga kan babana yana nutsewa yana fitowa. Sai wani kututture ya taho ya shiga tsakaninmu da su, ba mu ƙara ganin komai ba. Inna ba ta yi kuka ba. Damtsena ta kama, faratanta suka shige, ni ma ban ji zafi ba sai washegari. Ban san tsawon lokacin ba. Itacen yana girgiza, ruwa yana ƙara, Kaka yana salati. Can sai muka ji guɗa daga nesa, gabas da gari, inda ruwa ya kai su. Mace ɗaya ta fara, sauran suka ɗauka. A lokacin ne Inna ta kifa kanta a reshe, kukan ya zo.

Sauran mazan da suka dawo kasuwa suka haɗa goruna, aka ɗauke ni, aka ɗauki Inna. Kaka ne na ƙarshe, ruwa a wuyansa, sai da aka yanke majanyin don ƙullin ya ƙi kwantuwa. Kwana biyu bayan haka kanya ta faɗi. Daga tudu muka ga kanta ya karkata a hankali, ruwa ya tafi da ita. Ba a yi tsagar wannan shekara ba, ba a kuma ƙara yin wata ba.

Sanyin ya shiga ƙirjin Kaka bai fita ba. Ina ɗakin ina masa fifita babana ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na fara sa gatari a gwiwa." Kaka ya ce, "Ni kuma na tsaya ina auna gaba, na tura mace da jariri. Kanya ba ta yi mini ƙarya ba. Kogin ne ba wanda na sani ba ne yanzu." Kafin ruwa ya janye daga gonaki muka rufe shi a kan tudu.

Ƙauyen ma yau babu kowa. Tashin hankalin da kowa ya sani ya kore mu daga baya, wasu suka zauna Assaga a bakin hanya, mu muka shigo Diffa. Kogin kuwa ya ci gaba da sabon halinsa. Wata shekara ya ƙi isa, wata shekara ya shigo har cikin unguwanni. Malamar ajinmu ta ce yanayin duniya ne duka ya sauya, ba laifin ƙauye ɗaya ba ne. Na yarda da ita, don ba mu muka hana damina ba, kuma yunwa ce ta sa mana gatari a hannu. Sai dai na san abin da muke da shi na kariya da kanmu muka sare shi, kuma da na koma wannan taro ban san abin da zan ce wa babana ya ba mu mu ci ba.

Ƙanwata ta girma, ta yi aure, ba ta tuna komai. In ana labarin dariya take yi, ta ce ita ta riga kowa shiga jirgi a gidanmu. Gidansu yana can gangare, kusa da kogi, don nan ne kawai suka sami fili. Duk shekara in sanyin safe ya fara, sama ta yi fes, barcina yakan ragu. Makon jiya na sauka wurinta, na tarar ruwa ya kusa bayan katangar maƙwabtansu, ita kuma tana wanki hankali kwance, ƴarta da ta yaye tana wasa a ƙasa.

Na ce, "Ki tashi daga nan."

Ta ce, "Yaya, in tashi in je ina? Ke dai faɗa mini ranar da zai shigo, sai in kwashe kayana tun da sauran kwana ɗaya."

Ban san ranar ba, ban san ta inda zai biyo ba, kuma duk garin nan ba tsohon da zan je in tambaya. Na ce, "To ba ni yarinyar, ta zauna wurina har ya janye."

Ta yi dariya, ta ce tsorona ya yi yawa, amma ta share hannunta a zane ta miƙo mini ita. Ni ban yi dariya ba. Na goya ta, na ƙulla sau biyu, muka hau tudu.